Jan Zare a Tayar Wa-Ya-Taɓa

Sunansa na gaskiya yana nan kwance a katin shaidarsa, babu mai tashinsa. Unguwa kaf Wa-Ya-Taɓa take ce masa, wasu ma a gaban idonsa. Yayarsa ce ta laƙaba masa tun yana yaro, domin ko kwanon abincinsa aka ɗan matsar, sai ya bi mutanen gida da ido ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, wa ya taɓa? Ya girma, gashin kai ya zube, tumbi ya fito, tambayar dai ba ta tsufa ba.

Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga da injin markaɗe, a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene. Hannunsa yana da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Amma kafin ya gyara maka fanka sai ya fara gyara ka. Zai juya ta, ya ƙura wa kan sukurori ido, ya ɗago ya ce, "Wa ya fara buɗe ta?" Ka ce babu kowa, ya yi murmushin nan na wanda ya kama ɓarawo. Masu koyon aiki sun zo sun tafi, babu wanda ya kai azahar ta wata na biyu da farin ciki. Ƙanensa ya taɓa aron tsani ya dawo da shi, ya ce ba nasa ba ne, an musanya. Tun daga nan gaisuwarsu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa.

Matarsa, Maman Biyu, ta daɗe da gane kansa. In ta ba shi amsa ya ce ta cika kare kai, in ta yi shiru ya ce shirun nan da magana a ciki. Sai ta zaɓi wanda ba ya cin yawu. Tagwayensu suka girma, aiki ya kwashe su zuwa wasu garuruwa, gida ya rage daga shi sai ita sai agogon bango.

A wannan zaman ne motar ta same shi. Wani ya kawo masa 'yar mota mai rimot gyara, tsawonta bai fi kamu biyu ba. Ya ɗauka irin ta yara ce mai gudu ta daki bango. Da ya haɗa wayar da ta tsinke ya gwada ta, sai ya ga wani abu dabam. Ba ta gudu. Rarrafe take yi. Ta isa gindin wani bulo, ta ɗora taya ɗaya, ta tsaya kamar mai shawara, ta ɗora ta biyu, jikinta ya murɗe, ta haye a hankali. Abu ne da bai yarda da ƙasa ba sai ya lalube ta. Wa-Ya-Taɓa ya ga 'yar'uwarsa a hali, zuciyarsa ta tafi.

Ya mayar wa mai mota abarsa, ya shiga haɗa tasa. Ɗakin tagwaye ya zama gareji. Wasu kayan ya saya, wasu ya ƙera da hannunsa. Ya yanka ƙarfen tsohuwar taga ya yi mata ƙashin baya. Ya cusa soso a cikin tayoyi don su riƙa lanƙwasa suna rungumar dutse. Ya naɗe dalma a ƙafafun gaba, saboda in ta fuskanci hawa kada hancinta ya tashi sama ta faɗi rigingine. Jikinta kuwa na a-kori-kura ne, shuɗi, da ƙananan fitilu masu kamawa.

Da ya gama fenti tana ƙyalli, sai ya shiga tsufar da ita, domin haka masu wannan harka suke yi, so suke a ga kamar motar ta sha wahalar duniya. Ya tsoma yagaggen soso a fenti mai ruwan ƙasa ya ɗiɗɗiga mata tsatsa. Ya sa allura ya zana mata kwarzane a ƙofa. Ya gasa cokali ya lotsa mata gefe. Ya yi mata laka ta ƙarya a bayan tayoyi. Maman Biyu ta leƙo daga bakin ƙofa, nan ne iyakarta, ta ce, "Baban Biyu, mutane na wanke mota, kai kana zana mata dauɗa?"

"Ba ki taɓa komai ba dai ko?"

"Da ido ma?"

Ranar ya sayo kwaɗo mai girman tafin hannu ya garƙame ƙofar.

Aboki ɗaya ya rage masa a duniya, Tela, mai shago a bakin titi, siririn mutum mai dariya har da tari. Allah ne kaɗai ya san yadda Tela ya jure shi. Shi yake ɗinka wa motocin ɗan tamfol da 'yan buhunan kaya, kowanne bai fi babban yatsa ba. Yana da tasa motar, koriya, wadda ta fi sanin kwanciya a bayanta fiye da tsayuwa. Kuma shi kaɗai yake riƙe da makulli na biyu. Dalili kuwa, batirin waɗannan motoci yana da tsirfa: ba a ajiye shi cike, ba a ajiye shi a mace, sai rabi, in ba haka ba ya kumbura kamar burodi ya lalace. Lokacin da aka kwantar da Wa-Ya-Taɓa asibiti za a yi masa aiki, dole aka sami mai leƙa batura. Ya miƙa wa Tela makullin daga kan gado, ya fi jin zafin wannan fiye da wuƙar likita.

Duk Asabar da yamma su biyun suna ɗaukar motocinsu a kwali su tafi wani tsohon ramin fasa dutse a bayan gari, inda wasu dattawa masu furfura suke taruwa suna durƙuso a bayan kayan wasa. Akwai wani hawa da suke kira Fuskar Suruka, saboda ba ya sakin jiki da kowa. Motar Wa-Ya-Taɓa ce kaɗai take haye shi. Kowane mako sai Tela ya ce, "Mutumina, don Allah me ka zuba mata a ciki?" Shi kuma ya ce, "Haƙuri." Ya rufe kwali da sauri.

To, wata rana ya ɗauko mota zai goge mata ƙura ta gaske daga kan ƙura ta ƙarya, sai idonsa ya faɗa kan rufinta. Kwarzane. Ku ji fa, motar nan kwarzane ne a jikinta ko'ina, amma duk shi ya haife su, ya san kowanne kamar yatsunsa. Wannan baƙo ne. Ya ɗauko madubin ƙara girma. Wani ya kwarzane ta, sannan ya shafa wani abu baƙi-baƙi ya rufe. Ya goga yatsa, abin ya biyo yatsan.

Ya mayar da motar mazauninta. Ya jijjiga kwaɗo, lafiya lau. Ya duba taga, a rufe. Ya sa fensir ya yi alama a katako daidai inda kowace taya ta tsaya. Da ya dawo daga aiki washegari, tayoyin suna nan, amma sun goce da faɗin farce. Ya gwada batir. A rabi ya bar shi, a cike ya same shi.

Ɓarawo na ragewa ne, wannan wane irin ɓarawo ne mai ƙari? Ya zauna ya warware lissafin da kansa: wanda ya san kan caja ne, kuma da gangan ya cika batirin don ya kumbura, mota ta mutu a tsakiyar Fuskar Suruka, a yi masa dariya. Wa ya san caja? Wa ke da makulli? Ya kori tunanin, tunanin ya zagayo ta taga.

Da cin abinci ya ce, "Maman Biyu, wani yana zuwa gidan nan in ba na nan?"

"Mai karanta mita ya zo."

"Tela fa?"

"Tela kuma? Me zai kawo shi, ɗinki na ba shi?"

Ta yi saurin amsawa, in ji zuciyarsa. Ko ta yi jinkiri ne? Ya rasa wanne, amma dai akwai wani abu.

Ya barbaɗa hoda a ƙasan ƙofa ta ciki. Ya dawo ya tarar da hoda shimfiɗe sumul, har ta fi yadda ya barbaɗa kyau. Sai ranar Juma'a ya kifa motar yana duba cikinta, ya ga abin da ya ƙarasa shi. Zare ne ja, ya naɗe a sandar tayar gaba. Ya sa hantsaki ya warware shi a hankali, ya ɗaga shi a hasken taga. Zare! Mai gyaran fanka ba ya yawo da zare. Mai karanta mita ba ya yawo da zare. Ya nannaɗe shi a takarda ya sa a aljihun gaba, kusa da zuciya, inda ciwon yake.

Asabar, a ramin dutse, motar Tela ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kama Fuskar Suruka, ta yi rabi, ta wuce rabi, sannan ta tuna halinta ta mirgino. Dattawa suka yi shewa. Tela ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ka gani, mutumina? Na kusa kamo ka!"

"Ka kusa," in ji Wa-Ya-Taɓa. "Me ka sa mata a gaba?"

"Dalma na naɗa. Mai walda ne ya ba ni shawara."

"Mai walda." Ya zaro takarda ya buɗe. "Wannan ma mai walda ne ya bar shi a ɗakina?"

Tela ya leƙa. "Zare ne."

"Na san zare ne. Na wa?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Tela. Ya dubi zaren, ya dubi dattawan da suka yi cirko-cirko da rimot a hannu, ya dubi abokinsa.

"Ni kake nufi?"

"Makulli biyu ne. Ɗaya yana ƙuguna."

"Kai, ka ji tsoron Allah. Ni da na yi ta zarya asibiti ina kai maka shayi?"

"Shi ya sa na ce bari in tambaya a hankali."

"Wannan ce a hankalin?" Tela ya laluba aljihu, ya ciro tarin makullansa, ya yi ta fama da zoben har farcensa ya karye, ya cire ɗaya ya ajiye a kan dutse. "Ga shi. Kuma don ka sani, wannan ba zaren ɗinki ba ne, ko makaho ya shafa zai gaya maka. Amma kai ba tambaya kake yi don ka ji ba." Ya sa koriyar motarsa a kwali, ko tayar da ta fita bai tsaya nema ba, ya tafi.

Wa-Ya-Taɓa ya dawo gida da makulli biyu a ƙugu, yana tafiya suna kaɗawa. Ya ba Maman Biyu labari yana jiran a yaba masa. Ta ajiye cokali.

"Tela ka yi wa haka? A gaban mutane?"

"Hujja na kama."

"Yanzu wa ya rage maka?"

"Gaskiya ta rage min."

"To, ta raka ka ramin dutse ranar Asabar." Ta kwashe kwanuka, ranar har da ƙara a wajen wanke-wanke.

Ya ɗauka magana ta ƙare. Ina! Litinin ya tarar da mota ta juya fuska gabas, alhali yamma ya bar ta. Ya ce lallai Tela ya yanka wani makullin. Ya sayo sabon kwaɗo wanda ya fi na da, mai makulli ɗaya tak. Talata ya tarar da ɗan tamfol a ninke tsaf a kan rufin mota. Laraba jan zare ne, ba a taya ba, a ɗaure a madubin gefe, har da ɗan kulli mai kyau. Mutumin ya rame. Ya fara zargin aljanu, amma ko su ya kasa gane me za su yi da caja. Asabar ta zo ya tafi ramin dutse shi kaɗai, motarsa ta haye Fuskar Suruka, babu wanda ya tambaye shi me ya zuba mata. Dattawan ma kowa ya ja kwalinsa kusa da ƙafarsa, kada a ce ya taɓa.

Sai ya shirya dabara. Da safe ya ɗauki jakar aiki ya ce an kira shi gyara a can ƙarshen gari, sai yamma. Ya fita, ya zagaya ta lungu, ya raɓe a bayan tankin ruwa inda tagar falo take kallo. Dattijo da tumbi, a tsugune cikin ciyawa, sauro na cin rabonsa.

Maman Biyu ta gama shara. Ta shiga kicin ta fito da wuƙar shafa bota. Ta nufi ɗakin tagwaye. Ko kallon ƙaton kwaɗon ba ta yi ba. Ƙarfen da aka maƙala kwaɗon a jikinsa, sukurori ne suka riƙe shi a katako, kawunansu a waje, kuma shi da hannunsa ya ɗaura su haka. Ta warware su tana 'yar waƙa, ta zuba a aljihu, ƙarfe da kwaɗo suka yi lilo tare, a kulle gam, ƙofa ta buɗe.

Ta fito da mota a rungume. Ta kifa tukwane a tsakar falo, babba da ƙanana, ta jera filo, ta kwantar da kujerar tsuguno, ta jingina faranti. Sannan ta shiga ɗakin kwana ta jawo bargo ta lulluɓe su duka, ya zama dutse mai kwari da tudu. Jan bargo ne mai geza. Bargon da yake lulluɓa da shi tun tagwaye suna goye. Mutumin da ya san kan kowane sukuru a unguwa bai san launin abin da yake kwana a ciki ba.

Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta kama rimot. Kada ku ce gwana ce. Tuƙin ganganci take yi. Ta danna wuta, mota ta yi tsalle ta daki babbar tukunya, ta hau, ta karkace, ta faɗo a kan rufinta tayoyi na juyawa a sama. Wa-Ya-Taɓa ya dafe ƙirji. Ita kuwa ta tuntsire da dariya, irin wadda rabon da ya ji ta tun suna amarci. "Tashi, 'yar nema," in ji ta, "ai ba a mutuwa a nan." Ta ɗaga ta, ta duba rufin, ta zaro jagirar girarta ta shafe sabon kwarzanen, ta sake danna wuta.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Kansa ya daki murfin taga.

Ba ta ko firgita ba. "Shigo ta ƙofa, Baban Biyu. Tun ɗazu nake ganin tumbinka ta gefen tanki."

Ya shigo yana susar ƙafa. Bakinsa ya buɗe da kansa. "Wa ya..."

"Ni na taɓa."

"Tun yaushe?"

"Tun kana asibiti. Ka tuna ina amarya na ce ka bar ni in koyi mota, ka ce zan rushe katangar mutane? To ga katanga, ga ni, ga mota."

"Batirin fa? Ke kike cika shi?"

"In na ari abu ba na mayar da shi a rage. Haka aka tarbiyyantar da ni."

"A rabi ake barinsa! Kumbura yake yi!"

"Da ka taɓa gaya min wani abu ban da kar ki taɓa, da na sani." Ta ajiye rimot a cinya. "Da ka tambaye ni kai tsaye, da na faɗa. Ka tsaya kana tambayata mai mita. Ranar da ka wulaƙanta bawan Allahn nan na so in yi magana, na san cewa za ka yi rufa masa asiri nake yi. Sai na ce bari ka gani da idonka. Na juya maka mota, na ninke maka tamfol, har kulli na yi maka. Saura kaɗan in rubuta sunana da jan baki."

Ya dubi gezar bargon. Ya ciro takardar aljihunsa, ya kara zaren a jiki. Ko madubi bai nema ba.

"Ka kori yaran shago," in ji ta, "ka kori ƙanenka, ka kori Tela. Saura ni. In korar ce, bari in kwashe tukwanena tukuna."

Bai kore ta ba. Bai kuma ba ta haƙuri ba, kada ku sa rai, ba a canja dattijo da rana tsaka. Abin da ya ce shi ne, "Ba a danna wuta haka. A hankali ake lallaɓa ta." Ta ce ita ba ta da lokacin lallaɓa, ta yi shekaru tana yi.

Da la'asar ya sa mota a kwali ya nufi bakin titi. Ya wuce shagon Tela, ya dawo, ya sake wucewa, har mai sayar da lemo ya fara kallonsa. Daga ƙarshe ya shiga. Tela yana kan keke, bai ɗago ba.

"Sannu da aiki."

Keke ya ci gaba da surutu.

"Zaren nan," in ji Wa-Ya-Taɓa, "na bargo ne."

"Na gaya maka ba na ɗinki ba ne."

"Bargona ne."

Ƙafar Tela ta tsaya. "Bargonka ne ya buɗe kwaɗo?"

"Maman Biyu ce. Da wuƙar bota."

Tela ya cije leɓe. Ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan, ya riƙe fuska har kafaɗunsa suka fara rawa. Sannan ta ƙwace masa, ya kifa kai a kan keke yana dariya yana tari, hawaye na zuba a rigar mutane. Wa-Ya-Taɓa ya tsaya da kwali a hannu ya sha ta duka.

Da ya lafa, ya ajiye makullin sabon kwaɗon a kan keke. "Ɗaya ne tak. Ka riƙe."

Tela ya sa yatsa ya tura masa abinsa. "A'a. Na riƙe sau ɗaya, na ga abin da ya saya min. Ka kai wa mai wuƙar bota, ko da yake ba ta bukata." Ya goge ido. "A gaban mutane ka yi min, mutumina. A gabansu za ka warware. Asabar, kafin kowa ya kunna mota, ka tsaya ka ba da labarin nan da bakinka. Har da bargon."

"Har da bargon?"

"Da wuƙar. In ka rage ko kalma ɗaya, na koma gida."

Wa-Ya-Taɓa ya gyara riƙon kwali. "To."

"Kuma ka zo da ita. Ina so in ga direbar da ta fi ƙarfin kwaɗonka."

"Za ta farfasa min mota a Fuskar Suruka."

"Ai ka huta da zanen kwarzane. Miƙo ta nan in gani, tamfol ɗin nan ya yage."

Ya miƙa kwalin. Tela ya ɗaga motar yana jujjuya ta, yana latsa tayoyin gaba da babban yatsa, a fili, yana kallonsa. Tambayar nan ta taso wa Wa-Ya-Taɓa tun daga ciki, ta iso maƙogwaro, har leɓensa ya motsa. Tela ya ɗaga gira yana jira.

"Wa ya... wa ya tsinci tayarka da ta fita ran nan?"

"Babu. Tana can cikin duwatsu."

Wa-Ya-Taɓa ya sa hannu a ɗaya aljihun ya ciro ta. Ashe ya tsince ta, ya wanke ta, har ya sake mata soso. Tela ya karɓa, ya juya ta a tafin hannu, ya matsa ta, ya kai ta kusa da ido.

"Wa ya taɓa min taya?" in ji shi.